ƘAFA BIYU DA RABI: LABARIN TEBURINA

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, ba kuma na kishiya ko uwar miji ba. Labarin tebur ne. Na san wata za ta taɓe baki ta ce, to mu ina ruwanmu da tebur, sai ka ce kafintoci? Ki yi haƙuri ki biyo ni a hankali, domin kuwa a kan teburin nan sai da muka yi sati biyu ni da mahaifiyata gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, kuma saura ƙiris rashinsa ya raba ni da sana'ar da nake ci da ita shekara ashirin da ɗoriya.

Ni dai ban tashi na ga ana rubutu a kan tebur ba. Lokacin da na fara, ina 'yar sakandare, ruf da ciki nake yi a kan tabarma, ga biro, ga littafin rubutu mai falle 60, ga fitilar ƙwai a gefe. A wancan zamani littattafan Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da na Ado Ahmad Gidan Dabino su ne ke yawo ƙarƙashin matashin kai a ɗakin kwananmu. In Da So Da Ƙauna kuwa, da ya fito a 1991, wanda ya zo hannunmu sai da muka karanta shi har bangonsa ya rabu da shi. Na gama makaranta a 1998, aka yi min aure a 2000, littafina na farko ya shiga kasuwa a 2002. Duk abin da na rubuta a waɗannan shekaru a kan gado na rubuta shi. Idan na cika littattafan rubutu huɗu ko biyar sai in ba ƙanina ya kai shagon buga takardu, wata rana kuma in bi shi don gyaran kurakurai, in zauna a bayan yarinyar da ke bugawa ina nuna mata da yatsa.

A nan na fara ganin kwamfuta ido da ido. Waɗanda suka ɗan manyanta za su tuna allon kwamfutar wancan lokaci, wato monita, mai ƙatuwar ƙeya kamar tsohuwar talabijin. Fuskarsa ba ta cika wuce inci 14 ko 15 ba, amma ƙeyar kaɗai ta isa ta cinye rabin tebur, saboda haka teburan da ake yi masa manya ne masu zurfi, ko mutum yana so ko ba ya so. Da allo mai falan-falan ya zo, sai teburan ma suka rame tare da shi. Ki riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Da tafiya ta yi tafiya, kasuwar littafin takarda ta ja baya. Takarda ta yi tsada, masu karatu suka koma waya, mu ma muka bi su can, don in kiɗa ya canza dole rawa ta canza. Tun daga 2016 da babban yatsa nake rubutu a waya, in riƙa sakin shafi-shafi a zaurukan WhatsApp, masu so su biya su shiga. Da wannan kuɗin nake tallafa wa maigida wajen makarantar yara, da shi nake adashi, da shi nake fita kunyar biki da suna. Sai a 2022 ido ya fara gardama. In zan duba waya sai in ga ina miƙa hannu ina nisanta ta da fuskata. Ƙugiyar haruffa ta daina fito min, ba na bambance k da ƙ, ko b da ɓ, sai na ƙanƙance ido. Wata rana na so in ce jarumin labarina ya ɓata rai, sai ga shi ya bata rai, wata mai karatu ta turo min cewa, "Anti, a ina ya samo ran da ya ba ta?" Na yi dariya a fili, amma a ciki hankalina ya tashi.

A farkon 2023 ƙanin nan nawa, wanda yanzu gyaran kwamfuta ne sana'arsa, ya yi sallama da ƙaton kwali a ka. Ya dire ya ce, "Yaya, tun da idonki ya ƙi ƙanana, ga babba." Kwamfuta ce ta tafi-da-gidanka, ta hannu, da kibod, da linzami, da kuma allo mai inci 27 da za a jona mata. Shi ya fahimtar da ni cewa incin nan daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi a karkace, ainihin faɗin allon bai cika ƙafa 2 ba, tsayinsa kuma inci 13 da 'yan kai. Da ya kunna ya buɗe min shafi, sai ga harafi ɓaro-ɓaro, kowace ƙugiya a zaune daram. Ban san lokacin da ƙwalla ta zubo min ba. Na yi ta sa masa albarka. Babu wanda ya tambayi inda za a ɗora abin, ni da shi duka.

Yanzu bari in shigar da ke ɗakina. Gidanmu gidan gado ne a cikin birnin Kano, ginin ƙasa da aka yi wa shafen siminti, kowace mace da ɗakinta ɗaya da 'yar rumfa. Nawa ƙafa 12 ne a 12. Gado ya ci ƙafa 6 a 6 a lungu guda, sif da akwatuna sun tare bangon da ke wajen ƙafar gadon. Bangon da ke fuskantar gefen gado shi ne mai ƙofa: daga ƙofa sai madubi, daga madubi sai kabet ɗin jerena mai gilashi, shi ne har cikin lungu, kusa da taga. Tsakanin bakin gado da wannan bango ƙafa 6 ce cif. A wannan ɗan fili nake shimfiɗa darduma, a nan autana ke kwana, a nan baƙuwa ke zama in ta zo.

Da na duba hagu na duba dama, sai na kwashe turaruka da mayuka daga kan madubi na ɗora allon. Ya kuwa zauna, har da ɗan sarari a gefe. Na ce shi ke nan, an gama. Abin da ban lura ba shi ne, daga bakin madubin zuwa bango inci 16 ne kacal. Ƙafar allon ta cinye fiye da rabi, kibod ya cinye sauran. Babu inda zan ɗora tsintsiyar hannu, babu inda zan ajiye littafin da nake kwafa sai a cinya. Ƙasan madubi kuma durowa ce, gwiwa ba ta shiga, sai dai in zauna a karkace in sunkuyo. Sai ga ni ga allo hanci da hanci. In zan karanta layi ɗaya sai na juya wuya daga hagu zuwa dama kamar mai shirin tsallaka titi.

Wata uku na yi a haka. Jiki magayi. Da farko wuya ne ya sanƙare, sai kafaɗar dama, sai ciwon kai da ke farawa daga saman gira duk bayan la'asar. Ido kuwa ya koma yaji da ruwa kamar mai yanka albasa. Daga shafi biyu a rana na koma ɗaya, daga ɗaya na koma babu. Sai da na yi sati uku ban saki ko layi ba, alhali mutane sun biya kuɗinsu, labari kuma ya zo daidai inda ake jiran a ji ko za a ɗaura aure ko za a fasa. Wasu suka yi ta addu'a, wasu suka fara habaici, wasu suka nemi kuɗinsu na mayar musu, ban ga laifinsu ba. Maigida ya ce, "Ki mayar wa yaron nan da abinsa, kada garin neman gira a rasa ido." Wani dare na zauna ina kallon allon a kashe, na ce wa kaina ƙila rubutun ne ya zo ƙarshe.

Sai na tafi asibitin ido, tsammanina za a ce min hasken allon ne ya ƙona min ido. Wadda ta duba ni yarinya ce da na girme ta nesa ba kusa ba. Ta gama aune-aunenta ta ce, "Hajiya, idonki lafiyarsa ƙalau, shekaru ne kawai." Ta yi min bayanin cewa daga wajen shekara 40 ƙwayar da ke cikin ido tana rage laushi, sai ganin abu na kusa ya fara wahala, kuma kusan kowa sai ya bi ta wannan hanya. Ta ce mai kallon allo yana rage ƙifta ido ba tare da ya sani ba, shi ya sa ido ke bushewa yana yaji. Sannan ta jefo min tambayar da ban taɓa yi wa kaina ba: "Tsakanin idonki da allon nawa ne?" Na nuna mata da hannu. Ta girgiza kai. Ta ce abin da ake so shi ne daga inci 20 zuwa 40, gwargwadon girman allo, mafi sauƙin ganewa shi ne mutum ya jingina bayansa da kujera ya miƙa hannu, a ce da ƙyar yatsansa zai taɓa allon. Saman allon kuma ya zo daidai ido ko ƙasa kaɗan. Ta ƙara da cewa duk bayan minti 20 in ɗaga kai in kalli abin da ke nesa kamar ƙafa 20, na tsawon daƙiƙa 20. Ta ce in je in gyara wurin zama tukuna, in auno nisan in dawo, domin tabarau na karatu don littafin da ke hannu ake yin sa, wajen inci 16, wanda za a kalli allo da shi kuwa ƙarfinsa daban ne.

Ina dawowa gida na ɗauko tef ɗin ɗinki. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a wannan harka ido ya yaudare ni, tef ne ya gaya min gaskiya. Daga idona zuwa allo, a irin zaman da nake yi, inci 17 na samu. Na kira ƙanina muka zauna muka yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Allon da ke tsaye kan ƙafarsa, in aka bar masa ɗan sarari a baya saboda wayoyi, fuskarsa tana nesa da bango da kamar inci 7. Mutum in ya zauna daidai, idonsa yana bayan bakin tebur da kamar inci 5. Saboda haka tebur mai zurfin ƙafa ɗaya da rabi, wato inci 18, zai bar tazarar inci 16 ne kawai. Mai ƙafa 2 zai bar inci 22, wato an tsallake da ƙyar. Mai ƙafa biyu da rabi, inci 30 ke nan, ko santimita 76 ga masu auna da ita, shi ne zai bar inci 28. Muka gwada da kujera a tsakar ɗaki, yana riƙe da allon yana ja da baya ina zaune, har muka zo inda nake ganin shafi gaba ɗaya ba tare da na juya wuya ba. Muka auna. Inci 28 ɗin ne.

A nan ne na tuna da monita mai ƙeya na shagon buga takardu. Duk tsawon shekarun nan na ɗauka saboda ƙeyar ake zurfafa tebur, in babu ƙeya babu buƙatar zurfi. Ashe ido ma yana da nasa haƙƙin a cikin zurfin. Allo ya rame ta baya amma ya yi ƙiba ta gaba, kuma duk yadda fuskarsa ta ƙara faɗi, haka yake buƙatar a ja da baya.

Na zaga shagunan kayan katako biyu ko uku. Duk inda na shiga, abin da ake nuna min ɗaya ne: dogon tebur ƙafa 4, siriri ƙafa ɗaya da rabi, ga durowa ga sheƙi. Mai shago ya yi ta yabon tsawonsa yana cewa, "Hajiya, wannan ai na ƙaramin ɗaki ne, ba ya cin wuri." Da ban zo da tef a jaka ba da na saya, domin a ido ya fi kowanne dacewa da ɗakina. In na ce zurfi nake nema sai a tsaya ana kallona, sai daga baya na gane abin da nake kira zurfi, wato daga cikin mai zama zuwa bango, su faɗi suke ce masa.

Kafin in kai ga yanke shawara sai da muka bi wasu hanyoyin, kuma zan faɗe su don wata ƙila su yi mata amfani. Yawancin allunan nan suna da huji huɗu a baya, ana iya cire ƙafar a maƙala su a bango kamar talabijin, sai a ci ribar inci 3 ko 4, tebur mai ƙafa 2 ya wadatar. Ni bangona na ƙasa ne, ko ƙusar kalanda sai an yi mata dabara, ban yarda in wayi gari in ga allon a ƙasa ba. Akwai kuma wani hannun ƙarfe da ake damƙewa a bayan tebur ya riƙe allon, amma kuɗinsa ya fi ƙarfina a lokacin, kuma yana son katako mai kauri. Hanya ta uku ita ce ta maigida, a musanya da ƙarami mai inci 22 ko 24. Gaskiya ita ce hanyar da ta fi sauƙi, kuma da a ce labari sabo kawai nake rubutawa da ita zan bi. Amma ina da tsofaffin littattafaina da nake son sake bugawa kafin gara ta ƙarasa su, aikin da ke buƙatar in buɗe shafi biyu gefe da gefe, hoton tsohon a hagu sabon a dama, kuma da manyan haruffa. Wannan sai babban allo.

To tun da tebur ya zama dole, ina zai zauna? Na yanka kwalin da allon ya zo a ciki, na haɗa shi ya zama ƙafa biyu da rabi a ƙafa uku da rabi, na riƙa jan sa a ƙasa ina zagaya ɗaki. Wurin madubi ya ƙi, don in na zauna a nan kujerata ta tare ƙofa, mai shiga sai ya tsallake ni. Rumfa ba ta da ƙofa, ga ƙura ga yaran gida. In mayar da kabet wurin madubi, shi ƙafa 4 ne, wurin bai kai ba. Duk inda na ja kwalin sai ya dawo da ni lungun kabet. A nan tebur zai ci ƙafa biyu da rabi, kujera da ni mu ci kusan 3, ya rage ɗan abin da ba a rasa ba kafin gado. In na tashi na tura kujera ƙarƙashi, ƙafa uku da rabi ta dawo, darduma za ta shimfiɗu, katifar auta ma haka. Ga taga a gefe, haske zai zo ta kafaɗa, ba zai bugi allo ba, ba zai bugi ido ba. Komai ya yi daidai, in ban da abu ɗaya.

Kabet ɗin nan ba katako ba ne kawai a wurina. Mahaifinmu ya rasu ina aji uku. Inna ce ta yi shekaru tana soya ƙuli-ƙuli tana matsar man gyaɗa, tana zuba adashi, tana sayen kwalla da samira da tangaran ɗaya bayan ɗaya tana turawa ƙarƙashin gado, don kada ranar jerena a ce 'yar marayu ce. Ranar da aka yi jeren, ita ba ta zo ba bisa al'ada, amma an ce sai da ta sa aka lissafa mata abin da ke kowane hawa. Shekara 23 ban taɓa cin abinci a ko ɗaya daga cikin kwanukan nan ba. Gogewa kawai nake yi duk jajibirin salla in mayar. Amma duk macen da ta shigo ɗakina nan idonta ke fara sauka, kuma ni ma in na kalle su Inna nake gani.

Maigida da na gaya masa sai ya ce, "Ni ba ruwana, ke da Inna." Na shirya na tafi gida. Bayan mun gaisa na yi ta kewaye-kewaye, har ta ce, "Ke, faɗi abin da ya kawo ki." Na faɗa. Ta yi shiru tana tsintar shinkafa. Can ta ce, "Ɗakin mace babu jere? Sai ka ce ɗakin gwauro." Na ce, "Inna, idona ne." Ta ce, "Da da kike yi a kan gado idon bai fita ba." Ban ƙara magana ba, don na san ba kwanuka take karewa ba, shekarun da ta yi a gaban murhu ne. Na yi mata sallama na taho, zuciyata a cunkushe.

Sati biyu in na kira ta a waya daga "lafiya lau" sai "a gai da yara". Ni kuma na sa a raina ko zan bar rubutu ba zan taɓa kabet ɗin nan ba sai da yardarta. Ashe ta kira ƙanina ta titsiye shi, ta tambaye shi gaskiyar maganar ido, ta kuma tambaye shi wa ke biyan kuɗin makarantar babbar 'yata. Wata Asabar da hantsi sai ga shi da mai kura. Ya ce, "Yaya, Inna ta ce a kwashe a kai mata. Ta ce ba sayarwa za a yi ba, ba kuma kyauta ba, ajiya ce ta takwararta. Kuma ta ce in an fasa ko murfi ɗaya ni za ta kama." Muka naɗe kwanukan nan ɗaya bayan ɗaya da tsofaffin zannuwa. Ina naɗewa ina share hawaye, ban san ko na murna ba ne ko na rabuwa. Ƙaramar kwalla guda na ɓoye ban bayar ba.

Kafinta kuma sai da muka sha da shi. Da na ba shi awo ya ce, "Hajiya, wannan ai teburin mai shayi ne. Bari in yi miki na zamani, siriri, da durowa hagu da dama." Na ce, "Malam, na gode, amma abin da ke takardar nan shi nake so." Fallen katakon da suke aiki da shi ƙafa 4 ne a 8, don haka yanka ɗaya ya fitar da ƙafa biyu da rabi, ya rage tsawon zuwa uku da rabi. Na hana durowa a ƙasa don gwiwa ta shiga ta sake, kujera ma ta shige. Na sa ya yi huji a baya don wayoyi su bi, ya kuma kashe kaifin kusurwoyin gaba saboda auta da kuma ƙuguna. Tsayi kuwa, teburan kasuwa inci 29 ko 30 ne, ni gajera ce, sai na zauna a kujerata aka auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannuna, aka yi shi inci 27. Ƙafata ba ta zama sosai a ƙasa, sai na sa 'yar kujerar tsakar gida ina takawa. Da aka kawo shi sai da aka karkata kafin ya shiga ƙofa, wannan ma da na manta ban auna ba, Allah ne ya rufa asiri.

Na koma asibiti da awon inci 28 aka yanka min tabarau. Cikin sati biyu wuya ya saki, ciwon kan la'asar ya tafi. Na ƙarasa labarin da na bari a rataye, an kuwa ɗaura auren. Daga 2023 zuwa yau na sake buga tsofaffin littattafaina uku a kan teburin nan.

Ba zan ce muku babu abin da na rasa ba. Ɗakina ya rage kyau, wannan ko makaho ya shafa ya sani. Matan gida sun sa masa suna ofis, wata baƙuwa kuma ta taɓa tambayata a asirce ko wata matsala ce ta sa na sayar da kayana. In baƙi sun wuce biyu sai wata ta hau gado. Da daddare in an ɗauke wuta har yanzu ina karo da gefensa. Inna ta zo sau ɗaya bayan haihuwar matar ƙanin maigida, ta leƙo, ta daɗe tana kallon lungun. Ta ga kwallarta a gefen allo cike da birruka. Ta ce, "Ashe da ɓarauniya a gidan." Daga nan ta zauna a kujerar ta ce in nuna mata inda sunana yake.

Ga duk 'yar uwa ko ɗan uwa da ke shirin sayen babban allo alhali ɗakinsa irin nawa ne, ga abin da na tsinta. A auna ɗaki kafin a sayi allo, kada a sayi allo sannan a zo ana neman wuri. A fara da tazarar ido, daga nan a san zurfin tebur, tsawo shi ne na ƙarshe, domin tsawo ana iya rage shi, zurfi kuwa in an rage a jiki ake biya. Allo mai inci 22 ko 24 yana zama lafiya a tebur mai ƙafa 2. Mai inci 27 yana son ƙafa biyu da rabi, sai fa in za a maƙala shi a bango. Mai inci 32 kuwa, wanda faɗinsa kaɗai ya kusa inci 28, ƙafa biyu da rabi ita ce mafi ƙarancin abin da zai karɓa, mai ƙaramin ɗaki ya yi tunani sau biyu. Kada a manta da wurin kujera, da buɗewar ƙofa, da inda haske ke shigowa. A yanka kwali a ja shi a ƙasa, ya fi a biya kafinta sannan a yi da-na-sani. In kuma lissafi ya nuna babu wuri, to ba abin kunya ba ne a koma ƙaramin allo, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ni nawa lissafin ya faɗa kan kabet ɗin Inna. Yana can ɗakinta an lulluɓe shi da zani, yana jiran takwararta, wadda ita kuma ta riga ta gaya min cewa in lokacinta ya zo, a haɗa mata da tebur. Na ce ta je ta gaya wa kakarta da bakinta, ni na yi nawa.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba.